Darasin Saiti: Lissafin Da Kafanchan Ta Fi Buƙata

Duk wanda ya zauna ajin SS1 a ƙasar nan ya san wani babi a littafin lissafi inda ake zana da'irori biyu ko uku, kowace ta ɗan hau kan 'yar'uwarta, sannan a kewaye su da akwati mai kusurwa huɗu. Sunan babin saiti. Ɗalibai na ƙaunarsa domin makinsa ba ya wuyar samu a jarrabawar WAEC ko NECO, malamai kuma sukan wuce shi a guje don su isa inda suke ganin nan ne lissafi na gaske. Ni kuwa a ganina riƙon sakainar kashi aka yi wa babin nan. A duk abin da ake koyarwa a sakandare babu darasin da yaron Kafanchan ya fi buƙata kamarsa, kuma kamata ya yi a fara shi tun daga firamare, da harshen da yaro ke ji, maimakon a bari sai ya girma a ɗora masa hadda. Ni ba malamin lissafi ba ne, karatuna a sakandare ya tsaya, sauran kuwa abin da na tsinta ne a littattafai da intanet a zaman shagon Baba idan ciniki ya yi sanyi. Amma bari in kawo hujjata, mai karatu ya yi alƙalanci.

Ita kanta kalmar ba baƙuwa ba ce a bakinmu. Muna cewa saitin kwanuka, saitin kujeru, saitin akwatin lefe. Ma'anar da masu lissafi ke nufi ba ta yi nisa da wannan ba: tarin abubuwa ne da aka haɗa aka ɗauke su kamar abu guda. Sai dai sun gindaya sharaɗi ɗaya, wanda shi ne ginshiƙin komai. Dole ne ya zama duk abin da aka ɗauko aka nuna maka, za ka iya cewa yana ciki ko ba ya ciki, ba tare da gardama ba. Ranakun mako saiti ne, Talata na ciki, Janairu ba ya ciki. Mutanen da sunansu ke cikin littafin bashin Baba saiti ne, domin in an yi musu sai a buɗe littafi. Amma “mutanen kirki na kasuwa” ba saiti ba ne, don wanda nake gani mutumin kirki ne wataƙila jiya ya cuci maƙwabcina.

Akwai wasu ƙananan ƙa'idoji guda biyu. Jeri ba ya da tasiri, wato shinkafa da wake da sukari daidai suke da sukari da shinkafa da wake. Maimaici ma ba ya ƙara komai, ko sau goma aka rubuta sunan mutum a cikin saiti, shi kaɗai ne dai. Sannan akwai fankon saiti, wanda babu kowa a cikinsa, kamar watannin da ke da kwana 32. Akwai kuma ƙaramin saiti da ke zaune a cikin babba, kamar yadda masu sayar da citta suke cikin 'yan kasuwa. Idan mace tana da kwanuka 3 tana son ba da aro, hanyoyi 8 ne gabanta: ta hana duka, ta ba da ɗaya (hanya 3), ta ba da biyu (hanya 3), ko ta ba da duka. Kowane kwano da aka ƙara yana ninka adadin ne, da sun kai 10 hanyoyin sun zama 1,024. Shi kuwa akwatin nan da ake kewaye da'irori da shi, aikinsa ya gaya maka a cikin su wa ake magana. Idan na ce “waɗanda ba sa sayen shinkafa”, a cikin abokan cinikinmu nake nufi ko a cikin mutanen gari baki ɗaya? In ba a faɗi akwatin ba, maganar ba ta da kai.

To, ga inda na fi so mu daɗe. Idan aka ajiye saiti biyu, ana iya tambaya iri biyu. Ta farko, su wa ke cikin wannan ko wancan ko duka biyun? Wannan ita ce haɗaka, alamarta ∪. Ta biyu, su wa ke cikin duka biyun a lokaci guda? Wannan ita ce mahaɗa, alamarta ∩, ita ce ɗan wurin nan mai kama da ƙwayar ido inda da'irori suka hau kan juna. A ce ɗan kasuwa na da littattafan bashi biyu, na shinkafa mai sunaye 40, da na man girki mai sunaye 25. Ƙarshen shekara ya zo yana son raba wa mutanen kalanda, sai yaronsa ya ce a bugo 65. Mai shago da ya san mutanensa zai ce a'a, ai akwai mutum 15 da suke cikin littattafan biyu, an ƙirga su sau biyu. Sai a haɗa 40 da 25, a cire 15, ya zama 50. Mutum 25 shinkafa kawai suka karɓa, 10 mai kawai, 15 duka biyu. Wannan ita ce dabarar da ake sa mu haddace da baƙaƙe da alamomi har kai ya yi zafi, alhali kuwa Baba da bai taɓa jin sunan John Venn ba, Baturen Ingilan da ya fito da zanen da'irorin a 1880, kullum da ita yake aiki.

Yanzu mu fito daga shago mu dubi gari. Kafanchan dai mahaɗa ce tun asalin bunƙasarta. Wajen 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi ya iso nan ya wuce Kaduna, wani reshe kuma ya balle ya hau Jos. Jirgin ya tarar da Fantswam a ƙasarsu, ga Bajju da Kaninkon da mutanen Kagoro da na Kagoma a kewaye, ya kuma kwaso Ibo da Yarbawa da Hausawa da sauran masu neman abinci, har daga baya fadar Sarkin Jama'a ta taso ta dawo nan. Kakana ma cikin irin waɗannan maneman ya zo daga ƙasar Maraɗi, a nan aka haifi Baba, a nan aka haife ni. Gari irin wannan da'irorinsa suna da yawa, kuma kusan kowace ta hau kan wata.

Amma saurari yadda muke magana a majalisa da tasha da shafukan sada zumunta. Da'ira biyu kawai muke zanawa, kuma ba ma bari su taɓa juna. A ɗaya mun zuba Bahaushe da Bafulatani da Musulmi da baƙo, kamar kalmomi huɗu ne na abu guda. A ɗayar mun zuba ƙabilun yankin da Kirista da ɗan ƙasa. Wannan a lissafi kuskure ne tun daga layin farko, domin yare saiti ne daban, addini saiti ne daban, wurin haihuwa saiti ne daban, asalin kakanni ma daban. Saiti biyu ba sa zama ɗaya sai in duk wanda ke cikin na farko yana cikin na biyu, duk wanda ke cikin na biyu kuma yana cikin na farko. Mutum ɗaya tak da ya saɓa ya isa ya rushe maganar. Mu kuwa ba mutum ɗaya gare mu ba. A Wusasa ta Zariya akwai Hausawa Kirista tun zamanin Likita Miller. A cikin Bajju da Atyap da Ham akwai Musulmi, wasu gida ɗaya suke da 'yan'uwansu Kirista, tukunya ɗaya. Majami'u da yawa a kudancin Kaduna da Hausa suke wa'azi da waƙa, kuma tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa. Janar Christopher Musa, wanda ya riƙe muƙamin babban hafsan tsaron ƙasa daga 2023 zuwa 2025, ɗan Zangon Kataf ne amma a Sakkwato aka haife shi. Wace da'ira za a tura shi a cikin biyun nan?

Kada mai karatu ya ɗauka wasa da hankali nake yi. Zanen da'ira biyu da ba sa haɗuwa ya ci rayuka a ƙasar nan. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987 bai tsaya a nan ba, ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa, aka far wa mutanen da ko hanyar Kafanchan ba su sani ba, don kawai an sa su a da'ira ɗaya da wasu. A watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, ina ɗan firamare, kasuwar garin nan ta ƙone, aka rasa rayuka a nan da Zonkwa da wasu wurare. Duk lokacin da irin wannan ta faru, mutanen mahaɗa ne suka fi shiga uku: wanda uwarsa ke nan ubansa ke can, wanda sunansa ke nuna gabas addininsa ke nuna yamma. Ba shi da inda zai gudu, don zanen da ke kan masu riƙe da makami bai tanadar masa wuri ba. Da aka zo sulhu kuwa, yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan da aka sa wa hannu a watan Maris na 2016 al'ummomi 29 ta ƙunsa, daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kachiya da Kaura da Sanga da Zangon Kataf. Ashirin da tara, ba biyu ba.

Wani abin mamaki ma, masu cika baki da cewa “mu ne kashi kaza cikin ɗari” ba su da inda suka samo adadin. Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi kowa addini ko ƙabila ba. Kowane ɓangare yana haɗa duk wanda ya yi kama da shi ta yare ko ta addini ko ta aure ya ce nasa ne, ɗaya ɓangaren ma ya yi haka, mutanen tsakiya an ƙirga su sau biyu ranar gardama, ranar rabon arziki kuma ba a ƙirga su ko sau ɗaya.

Mu koma kan sharaɗin nan na farko, wato a san wa ke ciki ba tare da gardama ba. Tsarin mulkin 1999 ya yi ƙoƙari wajen fayyace ɗan Najeriya, sashe na 25 ya jera yadda ake zama ɗan ƙasa ta haihuwa. Amma a sashe na 147 ya ce dole a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalin jihar ne, bai kuma tsaya ya faɗi yadda ake zama ɗan asali ba. Abin da ya fi kusa shi ne sashe na 318, inda ya danganta mutum da jiha idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin jihar. To wace al'umma ce ta asali, kuma daga wace shekara ake fara ƙirga? Shiru. Sai aka bar wa ƙananan hukumomi, kowace da ma'auninta, takardar indijin kuwa ita ake nema wajen shiga aikin gwamnatin tarayya da aikin ɗamara da guraben karatu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan tun 2006, ta kuma duba har da Kaduna da Filato. A zamanin Gwamna Nasir El-Rufai gwamnatin jiha ta ce ta daina bambanta ɗan asali da mazauni, ta fito da katin mazauna, amma wannan bai hana hukumomin tarayya ci gaba da tambayar takardar ba. Matsalar kuma ba ta mutum irina kaɗai ba ce. Ɗan Bajju da aka haifa a Sabon Garin Kano ya san ta sarai.

Su masu lissafi da suka gamu da irin wannan rami ba su kau da kai ba. A 1901 Bertrand Russell ya gano cewa ba kowane bayani ne ke haifar da saiti ba. Ga yadda na fahimci abin da harshen shago. A ce akwai littattafai da yawa a shago, wasu sun rubuta sunan kansu a cikin jerin kayan da suka lissafa, wasu ba su rubuta ba. Sai mai shago ya ce a buɗe sabon littafi, a rubuta a cikinsa sunan duk littafin da bai ambaci kansa ba, su kaɗai. To shi sabon littafin fa, a rubuta sunansa a ciki? In an rubuta, ya ambaci kansa, bai cancanci shiga ba. In ba a rubuta ba, ya zama cikin waɗanda ba su ambaci kansu ba, dole ya shiga. Russell ya aika wa Gottlob Frege wannan a wasiƙa a 1902, lokacin da kashi na biyu na babban littafin Frege ke wurin ɗab'i, ginin shekaru ya girgiza. Zuwa 1908 Ernst Zermelo ya fito da ƙa'idojin da suka iyakance yadda ake kafa saiti. Shekara bakwai ke nan. Mu tsarin mulkinmu ya haura shekara 25 da ramin a buɗe.

Na san abin da wani ɗan'uwana Fantswam ko Bajju zai ce, kuma yana da gaskiya a ciki. Zai ce wannan daɗin baki ne na wanda yake son a share tarihi, don Turawa sun ɗora sarautar masarautu a kan ƙabilun da ba su yarda ba, an karɓi haraji an yi aikin tilas, kuma mutane sun yi shekaru suna fafutuka kafin su sami sarakunansu. Ban musa ba. Lissafi ba ya raba gona, ba ya naɗa sarki, ba ya kuma goge abin da ya faru. “Zuriyar waɗanda jirgi ya tarar a nan” saiti ne ingantacce, yana da sharaɗi, kuma akwai abubuwan da suka dace a ce nasa ne, kamar sarautar gargajiyarsa da ƙasar gadonsa da bukukuwansa. Ni ba ni da abin cewa a bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu sai kallo da tafi. Abin da nake cewa shi ne “waɗanda aka haifa a nan suke biyan haraji a nan” shi ma saiti ne ingantacce, mafi yawan 'yan na farkon ma suna cikinsa, kuma gadon asibiti da kujerar aji da rumfar kasuwa nasa ne. A faɗi wane saiti ake nufi a kowace magana. Yanzu kalma ɗaya muke amfani da ita ta yi aiki huɗu, kowa na jan ta inda ya fi masa.

Akwai kuma masu cewa ai an taɓa gwada koya wa yara saiti tun suna ƙanana abin ya watse. Haka ne. Bayan Rasha ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta rikice ta sauya manhajar lissafinta, aka sa saiti a gaba. Iskar ta iso Afirka ta taron Entebbe na ƙasar Yuganda a 1962, kuma cikin 'yan Najeriya da suka yi aikin har da Grace Alele-Williams, wadda daga baya ta shugabanci Jami'ar Benin. A farkon 1977 Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya soke wannan lissafin zamani a makarantun firamare. Ƙorafin da aka yi a nan da ƙasashen waje shi ne yara na zana baka da alamomi amma ba su iya tarawa da ɗebewa ba, malamai da yawa kuma ba a horar da su ba, iyaye ba sa gane aikin gidan 'ya'yansu. Ni a nawa ganin abin da ya faɗi a lokacin alamomi ne da Turanci, ba tunanin ba. Ba ina cewa a ajiye jadawalin sau a ɗauko ∪ da ∩ ba. Yaro ya iya canjin kuɗi tukuna. Amma awa ɗaya a mako ta ware abubuwa kashi-kashi ba za ta hana shi iya sau bakwai ba.

Tunanin kuwa ya fi zurfin da ake zato, kuma ƙofarsa a buɗe take ga yaro. Idan motar citta ta tsaya aka ga kowane ɗan dako da buhu ɗaya a kansa, babu buhu a ƙasa, babu mai tafiya hannu sake, an san adadinsu ɗaya ko ba a ƙirga ba. Da wannan dabarar ta haɗa ɗaya da ɗaya Georg Cantor, wanda aka haifa a Rasha a 1845 ya koyar a Jami'ar Halle ta Jamus, ya kafa ilimin saiti. Haɗa 1 da 2, 2 da 4, 3 da 6, haka har abada, sai ka ga lambobin da ke rabuwa biyu yawansu ɗaya da dukkan lambobin ƙirga, ko da yake a cikinsu suke. A 1874 ya nuna cewa ɗigon da ke kan layi sun fi lambobin ƙirga yawa, wato rashin iyaka ma wani ya fi wani. Manyan malamai irin su Kronecker sun yaƙe shi a kan haka. Yau kusan dukkan lissafi a kan aikinsa yake zaune.

Saura batun harshe. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a watan Nuwamban 2025 kuma ta janye ta koma Turanci. Ban ji daɗi ba, amma na san a nan yankin maganar ba ta da sauƙi, domin akwai iyayen da suke ganin Hausa ce ke haɗiye Jju da Tyap da Hyam a bakin 'ya'yansu, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Saboda haka ban ce lallai sai Hausa ba. Doka ba ta hana malami ya yi bayani da harshen da ajinsa ke ji ba kafin ya rubuta Turancin a allo, kuma darasin nan ko alli ba ya buƙata. Igiya biyu sun isa. A fita fili a shimfiɗa su da'ira biyu, ɗaya ta hau kan ɗaya. A ce ajin yara 50 ne. Malam ya ce masu jin Hausa su ɗaga hannu, aka sami 42, masu jin Jju 20, yara 3 kuma ba sa jin ko ɗaya, wataƙila ba su daɗe da zuwa daga kudu ba. Ya tambaye su ta yaya 42 da 20 da 3 suka zama 65 alhali su 50 ne, ya bar su su yi ta gardama. Sannan ya ce kowa ya je ya tsaya inda ya dace da shi: 3 a wajen igiya amma cikin fili, 27 a gefen Hausa, 5 a gefen Jju, 15 kuma a tsakiya inda igiyoyin suka haɗu. Mako na gaba ya sauya tambayar, ya ce waɗanda aka haifa a Kafanchan da waɗanda aka haifi kakansu a wani gari, su sake tsayawa.